Rumbu a Kulle, Kati a Kulle

Assalamu alaikum, 'yata Mukarrama, mai filin ba da shawara. Ki taimaki tsoho da shawara, don abin da ya same ni ba na faɗa a majalisa ba ne. Ki yi haƙuri da rubutun, hannu ya fara rawa, ko da yake a zamaninmu har kyauta aka ba ni a kan kyawun rubutu.

Ni tsohon malamin gona ne, ina zaune a wani ƙauye kusa da Gazara. Tun rasuwar mai ɗakina ni kaɗai ne a gida, daga ni sai rediyo sai ƙadangaru. Sau ɗaya a shekara gidan ke yin rai, wato da dogon hutu, in 'yata Rahmatu ta zo daga Kudan da 'ya'yanta. Hutun nan nake jira kamar yadda manomi ke jiran ruwan shuka.

Bara da kaka masu noma mini gona suka kawo masara. Na duba na ga hawa rumbu ba nawa ba ne yanzu, ga ɓera ga ƙwari, sai na sayar da ita kakaf, na zuba kuɗin a banki inda fansho ke shiga. Har na yi wa maƙwabcina Yahuza bayani a ƙofar masallaci, cewa zamanin rumbu ya wuce, rumbun mai ilimi a aljihu yake. Na fito da katin na nuna wa jama'a. Yahuza ya sa takalminsa ya wuce, shi da ma ba mai fahimta ba ne.

To, ana gobe su Rahmatu za su iso, na tafi kasuwar Makarfi in yi sayayya irin ta kakan da ya isa. Na miƙa wa mai POS kati, na'ura ta yi ta tunani kamar alƙalin da aka kawo wa shari'ar gado, can ta ce ba ta yi ba. Amma waya ta yi ƙara, an cire kuɗi! Raina ya ɓaci, na ce a sake. Da ɓacin rai da rawar hannu na yi ta danna lambar da ba ita ba, har katin ya kulle. Na ɗauki tsufana na kai shi banki a Zariya. Wata yarinya mai farce kamar na shaho ta ce in ɗora babban yatsa a kan gilashi. Na ɗora, ta goge, na shafa mai, na hura masa iska, na'ura ta ce ba ta san ni ba. Yatsan da ya koya wa rabin ƙasar nan tazarar shuka! Wai zanensa ya shafe, in dawo wani makon. Na koma, aka ce babu netuwok.

Yanzu gida ya cika da jikoki, kuma kin san cin yara in sun zo ƙauye, sai ka ce fara ta sauka. Rahmatu ta nemi makullin rumbu, sai na ce mata na sa wa masarar ƙwayar magani, ba a buɗewa sai bayan wata guda. Ɗan tsakin da ya rage shi muke fate da shi safe da yamma, na ce musu likita ne ya hana gidan nan maiƙo. Ƙaraminsu Zayyad ya tambaye ni ko shi ma likitan ya duba shi.

Allah dai Ya ji ƙan mai ɗakina, mace mai tattali. Shekaranjiya Rahmatu ta ce ta tarar da wake a tsohuwar tukunyar uwarta, jiya kuma ta ce ta ga shinkafa da man ja a bayan gado. Da su muke lallaɓawa. Amma ajiyar mamaci ai ƙarewa take yi. In Rahmatu ta gane, kwashe yaran za ta yi su koma, ko ta ce ba zan iya riƙe kaina ba, ta ɗauke ni zuwa gidan suruki. Ni kuwa ban san ko zan ga wani hutun ba. Yahuza rumbunsa cike yake, amma da in je ƙofarsa gara in ci ƙasa. Yaya zan ciyar da su har hutu ya ƙare ba tare da ta sani ba?

Naki,
Tsohon Malamin Gona

*

Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Bankin bai kyauta ba. Kuɗinka ne, kuma shafewar zanen yatsa ba laifi ba ne, shaidar aiki ce. Ka koma da takardar da mai POS ya ba ka da katin shaidarka, ka wuce mai farcen, ka nemi ganin manaja. Ka rubuta ƙorafi da kyakkyawan rubutun nan naka, a buga maka hatimi a kwafinka, sannan ka nemi a biya ka a kan kanta da sa hannu kafin a gyara katin. Kada ka tafi kai kaɗai.

Sauran kuwa, Baba, ka gafarce ni. Malamin gona ya sayar da hatsinsa duka da kaka, yana jiran baƙi a tsakiyar damina, lokacin da kwanon masara ke hawa doki? Da wani manomi ne ya yi haka a zamanin aikinka, da ka tsayar da babur ka yi masa wa'azi har Magariba.

Sai batun waken marigayiya. Baba, wane irin wake ne wannan da ya yi shekaru a tukunya ƙwaro bai taɓa shi ba? Ka aiko mana da irinsa mu raba wa manoma. Man ja ma a bayan gado! Rahmatu 'yar malamin gona ce, ta san warin maganin hatsi, ta kuma san rumbun da ko kaza ba ta kewaya gindinsa. Ta gane tun ranar da ta sauka. Daga ɗan abin hannunta take sayowa, tana jingina wa uwarta don kada ka ji kunya. Kai kana yi mata ƙarya, ita tana rufa maka asiri, ƙaramin yaro na shan fate ba dalili.

Ka kira ta yau ka faɗa mata. Wadda ta yi niyyar tafiya ba ta tsayawa ƙirƙiro wake. Ita za ta raka ka Zariya, ita kuma ta fi ni sanin yadda ake juya tsaki: yau dambu da zogale, gobe fate da yakuwa da wake, jibi tuwo miyar lalo. Damina ce, ganye kyauta yake a bayan gida, ɗanyar masara kuma ta kusa.

Daga nan ka sa hularka ka je wajen Yahuza, ka ari buhu guda zuwa kaka, kamar yadda maƙwabta ke yi tun kafin a haifi banki. Zai yi dariya, kuma haƙƙinsa ne, ka bar shi ya more. Dariya ba ta kisa, amma gidan da yara suka bari ka fi kowa sanin shirunsa.

Bana in an yi girbi, a raba biyu: rabi aljihu, rabi rumbu. Allah Ya buɗe katin, Ya nuna maka hutu mai zuwa da na bayansa. A gaida Zayyad, a ce masa likita ya sallame shi.

Mukarrama