Fasfon 'Yata

Yaya,

"Tana gama jarrabawa zan sa miki ita a jirgi." Kai ka faɗa, shekara biyu ke nan.

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai gwiwa da ke ƙara a hawan tudu.

Na ji ka ɓoye fasfon 'yata, wai mace irina da ke jagorantar baƙi a kan keke zuwa kallon giwaye ba ta isa riƙon budurwa ba. Giwa dai ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Yanzu rani ne, aiki ya riƙe ni. Da ruwan farko ya sauka baƙi za su watse. Idan ba ta iso ba kafin nan, zan zo da kaina, kuma a gaban Inna za ka miƙo shi.

Ƙanwarka