Ƙanena yana shiga hanyar Moriki da mota babu fasinja

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta min. Don Allah ku ba ni shawara a kan ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni direba ne, Ƙaura zuwa Shinkafi, tun ana murnar samun jihar Zamfara nake kan hanyar nan. An tare ni, an harbi motata, na taɓa kai gawar abokina gida, ban ji tsoro irin na yanzu ba.

A wancan lokaci akwai gidan kallo bayan tasha, can muke zama kafin layi ya zo kanmu. Akwai wani tsohon fim na Turawa da ake yawan sakawa, na wani direban tasi a babban birni, ba mata ba aboki, yana yawo da mota yana jin haushin lalacewar gari, har ya ɗauki makami. Babu mai jin Turanci a cikinmu, kowa da fassararsa. Mu muna dariya muna cewa wannan aure ya rasa, ƙanena kuwa ya ce mutumin kirki ne, sharar miyagun gari yake yi. Da aka ƙaddamar da shari'a aka rufe gidan kallon, mai shi ya koma sayar da shayi. Ba a daɗe ba ƙanena ya tafi Legas tuƙin tasi. Shekara da shekaru yana can shi kaɗai, a mota yake kwana, bai yi aure ba.

Bara ya dawo, bayan 'yan bindiga sun ƙone ƙauyenmu ta wajen Zurmi. Na tsaya masa a tasha aka karɓe shi. Ashe ya samu fim ɗin nan a waya, kullum shi yake kallo, ba ya shiga hirar kowa.

Ga abin da wanda ba direba ba zai kasa ganewa. A tasha layi ake bi, mota ba ta tashi sai ta cika, kuma yanzu ba a shiga hanyar Moriki sai a jere, kowa yana hangen na gabansa. Direban da ya fita shi kaɗai babu fasinja ya dawo lafiya, suna ɗaya gare shi, infoma. Za a ce shi yake kai wa mutanen daji burodi da mai. 'Yan sa-kai kuma ba sa tambaya sau biyu.

To haka ƙanena yake yi. Ya bar layinsa ya wuce, ya ja mota wayam ya shiga. Na zage shi, na tambaye shi ko ya gaji da rai ne, ya ce min, “Yaya, fasinja surutu gare su, ni hanya nike karantawa.” Wai yana gano inda 'yan bindiga suke tsallakawa. Da na ɗaga kujerar baya na ga bindigar toka nannaɗe cikin buhu.

Shugaban tasharmu ya kira ni gefe ya ce albarkacina yaron nan yake ci, amma an fara nuna motarsa da baki, kuma ranar da aka zo shi ba zai iya tarewa ba. Ban gaya masa maganar bindiga ba. In na faɗa, wajen soja za a kai shi, kuma bindiga a motar wanda ake zargi ai shaida ce, babu mai yarda fim ne ya shiga kansa. In na yi shiru, ko na daji su kashe shi ko na gari. Asibiti kuma me zan ce musu, mutum yana salla a kan lokaci, yana gaida manya.

Na cire batirin motar na ce ya mutu. Bai yi faɗa ba, ya wanke motar tas ya zauna ciki da wayarsa. Yau da safe na hango shi yana taya babur a bakin kasuwa, kuma kun san abin da ake yi wa mai babur shi kaɗai a hanyar nan.

Jama'a, in tona shi da bakina ko ya rayu a ɗaure, ko akwai wata hanya da ban gani ba? Wanda ya san inda ake kai irin wannan ba tare da an miƙa shi ga masu bindiga ba, ya faɗa min. Na ji mai sayar da babur ɗin ya ce masa ya dawo gobe.