Ɗinkin da ke Hammatar Farin Beyar

Zuwa ga mahaifina, Malam Habu tela,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta dace ƴa ta yi wa mahaifinta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama a inda kake kwance. Inna tana lafiya, ƙannena suna lafiya, Kirkissoye tana nan yadda ka bar ta. Na san wasiƙa ba ta isa inda ka tafi. Zan sa ta a zauren masu kallon fim ɗinmu na tarho, inda aka daɗe ana gardama a kan maganarka, domin su ma su karanta. Amma da kai nake.

Baba, fim ɗin ya ƙare ranar Asabar da ta wuce. Kafin in faɗa maka yadda ya ƙare, akwai abin da ya kamata in fara faɗa.

Ka tuna yadda muka soma kallonsa. Hamani mai taksi ne ya kawo shi a kile, ɗan abin nan da ake zuba fina-finai a ciki, an fassara shi da Faransanci, ya ce a sa a telen shago a ga abin mamaki. Wani ƙaramin gari ne a bakin teku, mai zafi kamar Yamai kafin damina, sai aka wayi gari fararen beyar guda uku suna yawo a bayan kasuwar kifi. Dabbar da ba ta rayuwa sai cikin ƙanƙara. Babu wanda ya san daga ina suka zo, kuma masu fim ɗin ba su yi gaggawar faɗa ba. Kashi bayan kashi, sai su ƙara ɗaure mana kai.

Kowace Asabar in an tashe mu daga lise, makarantarmu ta sakandare, sai in haye gada in zo shagonku a Maourey. Kai kana kan keken ɗinkinka, Kawu Isuhu abokin aikinka yana kan nasa, ni ina kan buhun ƙyallaye ina fassara muku inda Faransancin ya yi sauri. Wannan ne kaɗai wurin da nake magana da ƙarfi. A aji, ka sani, ko na san amsa ba na ɗaga hannu.

Kowa da nasa bayanin. Kawu Isuhu ya sa musu suna Alhazai, saboda farar babbar riga, ya ce aljanu ne, ba ya son dogon bincike. Hamani ya ce wani mai kuɗi ne ya sa aka kawo su a kwantena mai sanyi, yadda ake kawo kifi daga Kwatano, direba ya manta bai kulle ba. Ni kuma na zo da abin da aka koya mana a darasin kimiyya, na ce ƙanƙara ce ta narke, ta ɓalle, ta ɗauko su a kan ruwa. Na yi alfahari da nawa sosai, domin daga littafi yake.

Kai ba ka ce komai ba har mako uku. Kana ɗinki, kana ɗaga ido, kana komawa.

Sai ranar da beyar na uku ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu a gaban rumfar kifi. Ka cire ƙafa daga keke ka ce, "Uwata, tsayar da shi." Haka kake kira na, tunda sunan mahaifiyarka aka sa mini. Na tsayar. Ka taso ka ɗora bakin almakashi a kan gilashin tele, daidai hammatar dabbar, ka ce, "Wannan ɗinki ne."

Kawu Isuhu ya yi dariya har zare ya fita daga bakinsa. Ya ce, "Habu, fim ne fa. Ina za su samu beyar na gaske ya tsaya musu? Dole su zura wa wani ƙato riga." Ka ce ka sani, amma biyun can ba su da shi, kuma mutanen da suka iya yin fim kamar wannan sun iya ɓoye zare. "Nuna mana suka yi," in ji ka. Sannan ka ƙara da cewa zaren ya kwanta ta gefen da bai saba kwanciya ba, bahago ne ya yi shi.

Kai ne za ka sani. Ka sha ba mu labarin maigidanka na Maradi da yake buga maka katakon awo a hannun hagu, har ka koyi yanka da dama. Allura ce kawai ta ƙi komawa.

Daga ranar ka shiga neman bahago a cikin garin fim ɗin, kamar wanda ya yi ɓatan akuya. Ba ka kallon fuska, hannu kake kallo: wa ya ɗauki kofi da wane hannu, wa ya buɗe ƙofa. Har ka samo wata tsohuwa mai ɗinke buhunan kifi a tashar jirgin ruwa, wadda ba ta taɓa cewa uffan ba, sau biyu kawai aka nuna ta a bayan masu magana.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki bik nake rubuta maka.

Wata Asabar na zo da Balkisa, ƴar ajinmu, mai baki da farin jini, wadda na daɗe ina so ta zama ƙawata. Ka ji daɗin samun sabon kunne. Ka tsayar da hoto, ka ɗauko tef ɗin awo ka shimfiɗa a kan tele kana gwada tsawon ɗinkin. Ta saurare ka da ladabi. Ranar Litinin duk aji ya sani. Suka riƙa kira na ƴar mai ɗinka wa beyar riga, wani ya ce in tambaye ka nawa ne yadin fata.

Da yamma a gida na same ka kana alwala. Ban iya kallon idonka ba. Na ce don Allah in ƙawayena sun zo ka daina wannan zancen, mutane suna ganin kamar ba ka gane fim ba. Ka gama wanke ƙafarka ta hagu, ka ajiye buta, ka ce, "To, Uwata."

Shi ke nan abin da ka ce. Ba ka sake ɗaga maganar ba, ko a gabansu, ko a gabana. Muka ci gaba da kallo, in na ukun ya fito sai ka sunkuyar da kai kan keke. Na lura. Na ce a raina zan ba ka haƙuri in an gama jarrabawa. Aka gama, na ce bayan Salla. Damina ta shigo, zazzaɓi ya kwantar da kai, cikin ƴan kwanaki Allah ya karɓi abinsa, kashin ƙarshe na fim ɗin bai ma fito ba.

Na daina haye gada. Bayan wata uku Kawu Isuhu ya aiko Hamani ya ɗauko ni, ya ce akwai abin da zan gani. Sun juya teburin yanka za su gyara ƙafarsa, sai ga rubutu a ƙarƙashi, da allin tela, da ajaminka mai karkata. Layi uku ne. Beyar na ukun mutum ne. Tsohuwa mai buhuna ce ta ɗinka. Magajin gari ne a ciki.

Baba, na hana ka faɗa da baki, sai ka durƙusa ka faɗa wa katako. Na zauna a ƙasan shagon na daɗe ban tashi ba. Kawu kuwa ya hana kowa goge wurin.

A lokacin akwai zauren masu kallo, mutane daga garuruwa da yawa, kowa yana kawo nasa. Masu cewa gwajin likitoci ne, masu cewa mafarkin wani yaro gurgu na cikin fim ɗin ne, masu cewa daga wata duniya aka jefo su. Na fi shekara ina ciki ban taɓa rubuta ko gaisuwa ba. Balkisa ma tana ciki, da rabin ajinmu.

Na koma na kalli fim ɗin daga farko, hannu kawai nake kallo, yadda kake yi. Sannan na ɗauko ƙyalle biyu daga buhun shago. Ɗaya na ɗinka da dama, ɗaya da hagu. Na hagun ya cinye mini kwana huɗu da yatsu biyu, Inna tana tambaya ko tela zan zama. Na ɗauki hotonsu, na jera su kusa da hoton hammatar beyar. Kwanciyar zaren ta fito fili, ko yaro zai gani. A ƙasa na rubuta cewa wannan ba tunanina ba ne, na mahaifina ne, Malam Habu, tela a Maourey, Allah ya jiƙansa. Na sa cikakken sunana. Da na danna turawa, na kifa tarhon a kan tabarma na fita tsakar gida.

An yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Wani ya ce kuskuren masu kaya ne kawai, wato masu shirya suturar ƴan wasa, kowane fim yana da shi. Wata ta ce ƴan Nijar sun mayar da bincike ɗinkin Salla. A aji aka dawo da tsohon sunan. Amma wannan karon da aka kira ni ƴar mai ɗinka wa beyar riga, na juya na ce na'am. Muryar ba ta fita sosai ba, amma an ji.

Ranar Asabar ɗin nan Hamani ya kawo kashin ƙarshe. Bayan la'asar muka taru a shago. Inna ma ta zo, karo na farko tun rasuwarka, ta zauna a kan kujerar kekenka ta ɗora hannu a kan murfinsa.

Ga yadda abin yake, Baba. Beyar na gaske ne aka kawo a wani jirgin ruwa da ya lalace kusa da garin, don haka Hamani ya samu rabin gaskiya, kuma tun ranar bai bar kowa ya huta ba. Uku ne manya. Ɗaya, macen, ta mutu a daren farko ta bar ɗa ƙarami. Tsohuwa mai buhuna ce ta tsince shi ta ɓoye a tsohon gidan ƙanƙara. Ya ƙi cin komai daga hannun mutum. Sai ta feɗe uwar, ta gyara fatar, ta ɗinke ta, ana sawa ana shiga wurinsa da abinci. Sun nuna ta tana ɗinkin, kusa sosai, fitila a gefe, allura a hannun hagu.

Inna ce ta fara magana, a hankali, ta ce a garinsu ma in maraƙi ya mutu ana cusa wa fatarsa ciyawa a ajiye gaban saniya don ta ba da nono. Ta ce ashe Turawa ma sun sani.

A wuri ɗaya ka kuskure. Ba magajin gari ne a ciki ba, jikar tsohuwar ce, wata yarinya da ba ta cika magana ba. Kawu Isuhu ya kama wannan da hannu biyu. Ya ce, "Kun gani ko, biyu cikin uku ya ci, ba duka ba." Sai ya tashi ya ce zai duba ko an kira magariba, alhali rana tana nan a sama.

Tarhona bai huta ba tun ranar. Wanda ya ce kuskuren masu kaya ne ya rubuto ya ce a gaida tela. Na gaya masa tela ya rasu, ya yi addu'a. A zauren yanzu in za a ambaci bayanin, cewa ake maganar Malam Habu. Balkisa ta same ni a bakin famfon makaranta ta ce mahaifinki yana da ido. Na ce mata ya fi haka. Ranar Litinin da malamin Faransanci ya tambayi wa zai yi bayani a gaban aji kan yadda ake lura da ƙananan alamu a cikin labari, na ɗaga hannu. Shi kansa sai da ya sake duba ko ni ce.

Ina alfahari da kai, Baba. Da ma tun ranar da ka ɗora almakashi a kan gilashi ya kamata in yi, tun kafin kowa ya tabbatar. Ka yafe mini abin da na faɗa maka a bakin buta. Ba kai ne ba ka gane fim ba.

Abu na ƙarshe. Rigar makarantar da ka ɗinka mini ta yi mini gajarta, na ƙara tsawo bana. Kawu ya ce in kawo ya sauke kalmasar, na ce ni zan yi. Jiya na juya ta ciki waje. Ga ɗinkinka nan zagaye da ita, ƙanana, a jere, duk sun kwanta gefen hagu. Na daɗe riƙe da reza ban iya yanka ba. Da na warware, sai na tarar ka naɗe yadi har faɗin yatsu huɗu a ciki. Ka san zan girma, ka bar mini wuri.

Na mayar da kalmasar da hannun hagu. Ba ta miƙe kamar taka ba, amma ta zauna, kuma da ita na je makaranta yau.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi. Allah ya saka maka da alheri a kan kowane zare da ka ja domin mu ci mu yi karatu. Ya ba Inna haƙuri, ya raya ƙannena, ya haɗa mu da kai a Aljanna. Amin.

Ƴarka, wadda kake kira Uwata,
Ramatu Habu
Kirkissoye, Yamai