Adurukun Bayan Masaƙa

Daren Laraba, tsakiyar damina

Madam Saratu mai dillancin siminti ta kawo masu awo filin bayan tsohuwar masaƙa. Ita ta ɗauki nauyin harsashin sabuwar sakandare, kuma jikokina na buƙatar makarantar.

Na gaya mata nan muke binne abokan aikinmu na masaƙa da ba a san garinsu ba. Itacen aduruku muke dasawa wajen kan kabari.

Ta ce, "Baba, ai wannan shingen gona ne."

Na ƙi matsawa. Mai awo ya kafa turke gefen ƙafata, ya juya neman guduma. Turken ya nutse da kansa, a hankali, har ya ɓace.

Madam ta tambayi sunayen mamatan. Na faɗa duka, ban da ɗaya. Har yanzu ya ƙi zuwa bakina.