Koren Ruwa a Bakin Rijiya

Daren Talata, farkon damina.

Tun rani ƙanena Sani ya jibge garin dutsen tagullar da yake haƙowa a bayan ɗaki, ya cakuɗa shi da wani sinadari mai guba, mai kama da gishiri. Na yi magana, ya ce a bushe ba ya komai, sai an zuba ruwa yake narkar da tagullar. Duk mun manta da ruwan sama.

Yau aka yi ruwan farko. Da la'asar Inna ta nuna mini wani koren ruwa yana gangarawa, ta ce, "Wanga ruwa ina za shi?" Na bi shi har bakin rijiyarmu.

Na rufe rijiyar, amma 'yata Hauwa ta riga ta sha. Yanzu numfashinta nake saurare.