Katakon Birki Arba'in da Takwas

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2018

Sanyin yau har cikin haƙori. Jiragen ƙasanmu dai ba ruwansu, tun da aka haƙa ramin nan a ƙarƙashin Montreal ba su taɓa leƙo sama ba. Mu 'yan Adam ne muke shan dusar ƙanƙara.

Katakon da aka kawo ran Juma'a ya kwana uku kusa da bututun ɗumama ɗaki. Réjean, tsohon da ke kan zarto, ya yanka, ya goge, ya turo mini kwandon farko, guda arba'in da takwas. Na tsoma a tukunyar man gyaɗa, na rufe, na fitar, na sa hannu a takardar kwandon, aka wuce da shi wurin ruwan gishiri. Shekara sha ɗaya ke nan ina kan tukunyar nan, bayan takwas da na yi ina wankin jirage. Har yau in na ce wa 'yan gida a Maraɗi da katako da man gyaɗa ake yi wa jirgi birki, dariya suke yi.

Mushe Thibodeau, shugaban sashenmu, sai kaiwa da komowa yake. Garejin koren layi, ɗaya daga layukan jirgin, sun dame shi da waya, tsofaffin jiragen nan na 1966 cin katako gare su. Réjean ya ce a daina zagin su, yana ɗan shekara takwas ubansa ya ɗora shi a kafaɗa suka shiga ɗaya a makon farko da aka buɗe layin. "Ni da su rana ɗaya za a kai mu juji, Madam Balkisa. Ki zo rakiya."

Talata, 6 ga Fabrairu

Mai ya yi magana.

Ina sauke kwando na biyu sai na ji tsat-tsat-tsat, ga ɗan kumfa a gefe. Duk macen da ta taɓa suyar ƙuli-ƙuli ta san wannan ƙarar. Ruwa ne. In katako da ruwa a cikinsa, mai ba ya shiga, bayansa kawai yake shafawa. Na ɗauko ma'aunin danshi na soka wa guda shida, duk ya ce a bushe suke. Na kira Réjean. Ya kasa kunne, ya ce shi shekara talatin da huɗu na zarto ya cinye masa kunnuwa, ko ƙararrawar coci sai ya ga tana lilo.

Abin da ban faɗa masa ba: jiya ma na ji. Kaɗan ne, amma na ji. Na ce a raina ƙanƙara ce ta ɗigo daga safar hannuna, na sa hannu.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Kwando biyar, guda ɗari biyu da arba'in. Ban sa hannu a ko ɗaya ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Mushe Thibodeau ya zo da takardun a hannu.

"Madam, ni ba na jin yaren mai. Ma'auni ya ce bushe, takardar masu katako ta ce bushe. Ke me kika ce?"

Na faɗa. Ya ce me? Na sake faɗa. Sai da ya sa aka kashe injin gogewa, aka yi tsit, kowa ya juyo, abin da na fi ƙi a duniya. Na ce a tsaga ɗaya a gani. Ya miƙa hannu ya zaro ɗaya daga tsakiya, Réjean ya ɗora a zarto.

Mai har cikin zuciyarsa. Ja-ja-zur, kamar zuma.

Wani daga baya ya ce tunda mai ya yi zafi a soya musu dankali. Aka yi dariya. Ba ta mugunta ba ce, na sani, amma ta shige ni. Mushe Thibodeau bai yi dariya ba, ya ce yana ba ni zuwa Litinin da tsakar rana. Ko in sa hannu, ko ya ɗora wani a kan tukunyar, ni in koma wankin jirage "inda ba abin da ke magana".

Na yi la'asar a bayan akwatunan ƙusa, inda na saba. Na kasa tuna raka'a nawa na yi, sai da na sake.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Lokacin cin abinci Réjean ya zo ya zauna kusa da ni da miyar wakensa, ya ce kar in damu, aladen da ke ciki ya tuba kafin a yanka shi. Na ce Allah shirye ka, Tsoho.

Sai ya sassauta murya. Wai direban da ya kawo katakon ya yi ta ƙunƙuni cewa tamfol ɗinsa ya yage a hanya, layukan sama sun daɗe suna shan ruwan narkewar ƙanƙara. Aka sauke, aka gauraya na sama da na ƙasa. Bututun ɗumi ya busar da bayansu cikin kwana uku. Allurar ma'auni kuwa ba ta wuce tsawon farce. "Ni ma zarto ya yi mini nauyi a wasu. Na ce tsufa ne."

Ashe wanda aka tsaga jiya cikin na ƙasa ne. Ashe ban haukace ba.

Daɗi ya sa bakina ya suɓuce, na faɗa masa zancen kwandon Litinin. Ya ajiye cokali. Ya ce tun jiya suka bar nan, suna gareji. "Ki yi shiru, 'yar'uwa. Ma'auni ya ce bushe, ba wanda zai kama ki. Wa ya san abin da kunnenki ya ji?"

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na faɗa wa Malam, maigidana. Ya daɗe yana sauraro, sannan ya ce, "Maman Sakina, wa ya tambaye ki?" Na ce ba kowa. Ya ce to. Can kuma ya ce, "Amma na san ki, ba za ki iya haɗiye tuwo ba." Haka ne, ban iya ba.

Ba wai jirgi zai ƙi tsayawa ba ne, lantarki ke rage masa gudu, katako sai a ƙarshe yake kama ƙafar ƙarfe. Amma katakon da bai sha mai ba tsagewa yake, ya ƙone. Hayaƙi a cikin rami. A tsayar da layi, a fitar da mutane da ƙafa, da tsofaffi da masu goyo. Sakina koren layi take hawa zuwa makaranta, amma ba don ita ba ce, na binciki raina. Ko ba ta hawa.

Malam Ɗan Tanin da ya koya mana allo yakan ce kuskuren da malam ya gani na malam ne, shi zai gyara. Wanda bai gani ba, shi ne naka.

Shekara goma sha tara ba a taɓa rubuta kalma ɗaya a kaina ba. Ina son wannan abin. Ashe ina son shi ƙwarai.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na yi ta ƙwanƙwasa ƙofofin kabad da kujeru ina saurare. Sakina ta ce, "Mama, lafiya?"

Litinin, 12 ga Fabrairu

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Na shiga da jirgin farko. Na zube ɗari biyu da arba'in ɗin a kan tebur, na bi su ɗaya-ɗaya da gaɓar yatsa, yadda Inna take gwada tukunyar ƙasa a kasuwa. Wani ya ce kwan, wani ya ce dum. Masu kwan dama, masu dum hagu. Kafin ƙarfe goma yatsana ya kumbura, hagu ta tara saba'in da ɗaya.

Na je ofishin Mushe Thibodeau da ƙafata, na ce a kira injiniya. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya kira.

Injiniyar, Madam Maryse, ta sauko da hular kwano, ƙaramar mace, ba ta da yawan magana, na ji ta kwanta mini. Ta ce ita za ta zaɓa, biyar daga kowane tsibi, ni in juya baya. Na juya ina karanta abin da ya zo bakina.

Na dama biyar: mai har ciki, duka.

Na hagu na farko, zarto ya shiga da wani irin gurnani. Da ya rabu biyu, bakin-bakin ne kawai ya sha mai, tsakiya fari fat, garin katakon yana dunƙulewa a hannu kamar garin da aka yayyafa wa ruwa. Na biyu haka. Na uku haka. Kafin na biyar Réjean ya zagi duk kayan da ke cikin coci, yadda mutanen garin nan suke ashariya, ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko kofi ba. Mai zancen dankali ya cire hularsa ya ɗaga mini. Aka yi ta buga spana a kan tebur, ƙarar har cikin ƙirjina. Wallahi na ji daɗi. Astagfirullah, na ji daɗi sosai.

Madam Maryse ta soka ma'auni a tsakiyar da aka tsaga, allura ta tashi. Ta ce, "Da kunne?" Réjean ya ce, "Da kunne, Madam. Ki sa a ɗauke mata inshora a kansa."

Mushe Thibodeau ya ce shi ke nan, a ware na hagu, a koma aiki. An fara watsewa. Réjean yana hararata yana girgiza kai.

Na ce akwai saura.

Na ce kwandon Litinin da ta wuce, arba'in da takwas, shi ma mai ya yi ƙara, na ji, na sa hannu. Wannan karon ba wanda ya ce in maimaita.

Mushe Thibodeau ya shafa fuska. "Madam, kin ci wasa, kuma kin juyo kin jefa ƙwallo a ragarki? Kin san dole in rubuta?" Na ce na sani. Madam Maryse kuwa tuni tana kan waya da gareji, tana karanta musu lambar kwandon.

Talata, 13 ga Fabrairu

An samo su duka. Sha shida suna kan kanta, talatin da biyu an ɗaura wa wani tsohon jirgi tun ran Juma'a. An janye shi daga layi da safe, an kwance. Madam Maryse ta aiko mini da guda uku a leda. Biyu sun tsage daga kai har gindi, ɗaya ya yi baƙi, yana warin ƙauri. Kwana huɗu kacal. Ta rubuta a jikin ledar: da ya kai ƙarshen mako, da an ga hayaƙi a rami.

Na zauna a kan akwati da ledar a hannu. Allah, Kai ne abin godiya.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Takardar gargaɗi ta zo. Layi huɗu. Mutumin ƙungiyar ƙwadago ya ce mu ƙalubalanta, za mu ci. Na ce me za mu ƙalubalanta, gaskiya suka rubuta. Ya ce bai taɓa ganin irina ba, ban san ko yabo ba ne.

Na karanta ta sau uku a cikin jirgi. Na zaci za ta fi haka ciwo.

Malam ya sayo gasasshen ɗan rago a wurin 'yan Aljeriya. Bai ce don me ba.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Sabuwar doka daga sama: duk lodin da ya zo, a tsaga uku kafin a karɓa. Kuma an ƙara layi a takardar kwando, bugun inji, ba rubutun hannu ba: "Mai ya yi ƙara? I / A'a." Réjean ya yanke layin ya manna a jikin tukunya. Ya ce bayan mun mutu, wani zai tsaya yana tambaya wace mahaukaciya ce ta sa wannan.

Juma'a, 2 ga Maris

Jirgin ya koma layi. Réjean ya gane shi ta lamba, ya ce ya tsaya a gabansa lif, ko ƙara babu.

Talata, 6 ga Maris

Sabon lodi ya iso. An tsaga uku, lafiya. Na sauke kwandon farko, na saurara, na rufe tukunya, lokacin hutu ya yi, na zauna na zuba shayi.

Sai ga Mushe Thibodeau, takarda a hannu, gareji a waya. Ya tsaya a kaina. "To, Madam Balkisa, me mai ya ce?"

Mai bai ce komai ba, tun minti biyar da suka wuce na sani. Amma na hura shayin, na kurɓa. Na sake hurawa. Yana tsaye, bai yi tari ba, bai dubi agogo ba. Sai da na ga gindin kofin sannan na miƙa hannu na karɓi biro.

Ba don komai ba ne. Shayin ne da zafi.