Jimla Ɗaya a Bidiyon Anas Ta Tsayar da Auren Yayarsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da ke ciki ma duk na sauya su. Don Allah ku ba ni shawara, amma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, na san halin wasunku, layi uku kuke karantawa ku garzaya wurin sharhi.

Ni malamar sakandare ce a Talata Mafara, shekara goma sha shida ina koyar da bayoloji. Ina da yaya namiji a Kaya ta ƙasar Maradun, manomi ne, mutum mai kamewa da gudun abin magana. Autansa Anas shekararsa shida, bai taɓa magana ba, ba ya kallon mutum cikin ido, zai wuni yana jera marafan kwalba a gindin bango, in aka tayar da injin niƙa a maƙwabta kuma ya toshe kunne yana buga kansa da ƙasa. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu, turaren da aka ƙona a ɗakin nan ya isa ya kori aljanun Maradun gaba ɗaya har da na Bakura, yaro yana nan yadda yake.

Wani hutu na lallaɓa Yaya na kai shi Sakkwato. Likita ta ce otizim ne, wanda a rediyo ake ce wa galahanga, ba allura ake yi ba, horo ne na koyon magana da mu'amala, sau biyu a wata, kuma ba na wata ɗaya ko biyu ba. A layin jira na haɗu da mata huɗu daga yankinmu, ɗaya daga Janbako, ɗaya daga Damaga, biyu daga Bakura, kowacce ta zo sau ɗaya ta san ba za ta iya zuwa na biyu ba, ga kuɗin horon ga kuɗin mota, ga hanya yadda kuka san ta. Da na dawo muka buɗe gidauniya a WhatsApp ni da wasu abokan aikina. Na zauna na tsara wasiƙar neman taimako, Hausa da Turanci, ko waƙafi ban kuskure ba. Abin da muka samu shi ne “Allah ya ba da lafiya” da hotunan hannu a ɗage. Wata tsohuwar ƙawata da ke Abuja ta kira ni ta ce, ke Malama, mutane ba sa ba takarda kuɗi, fuska suke ba, ki nuna musu yaro.

Nan na yi kuskuren farko. Na je Kaya, Yaya yana gona, matarsa ta amince, na ɗauki Anas a waya yana jera marafansa, na ce a raina zan gaya wa Yaya daga baya, ban kuma gaya masa ba. Cikin bidiyon na yi bayani cewa wannan ba shafar aljanu ba ce, ba sammu ba ne, ba laifin uwa ba ne. Da a nan na tsaya da yanzu ban rubuto muku ba. Amma wanda ya saba rage wa ɗalibai maki saboda rabin amsa ba ya iya barin darasi a tsakiya, sai na ƙara da cewa ba a gama gano sababinsa ba, amma wani lokaci yakan bi dangi. Jimla ɗaya ce, ko numfashi ban ja a cikinta ba.

Bidiyo ya zaga, taimako ya shigo, yara biyar suka yi wata huɗu suna zuwa Sakkwato ba fashi. Ba zan ce muku Anas ya fara magana ba, bai fara ba. Amma yanzu in yana jin ƙishirwa yakan ja hannun uwarsa zuwa randa maimakon ya buga kai, kuma an yi masa aski a zaune, wanda a da sai maza uku sun danne shi. Wanda ba shi da irin yaron nan a gida zai ce wannan ai ba komai ba ne.

To Anas yana da babbar yaya, Rumasa'u, shekara ashirin da uku, ta gama karatun koyarwa. Akwai yaron Bakura da suke son juna, an kai gaisuwa, sa rana kawai ya rage. Kun san al'ada, kafin a kai ga nan sai an turo tsofaffi su yi binciken asali, ko akwai farfaɗiya a gidan, ko taɓin hankali, ko wani abin da ake gado. Tun bara suka yi nasu, sun kuma san da Anas, maƙwabta suka ce musu iska ce ta shafe shi yana jinjiri. Suka ce ba komai, wannan kowa na iya gamuwa da ita, aljani ba ya bin jini. Wato duk shekarun nan da nake faɗa da maganar aljanu, ashe ita ce ke riƙe da auren 'yar yayana ban sani ba.

Bidiyon ya isa wayar gwaggon yaron Bakuran. Ta shirya ta zo Kaya da kanta, ta gaida gida, ta tambayi damina, ta tambayi hanya, ta tambayi har awaki, ta sha fura, sannan ta ciro waya ta kunna daidai wurin, ba ta ma bari ya fara daga farko ba. Matar Yaya ta ce abin da ta faɗa kawai shi ne, “To, ba mu muka ce ba, ɗiyarku ce ta faɗi, kuma malama ce.” Ta yi sallama ta tafi.

Yaya ya kira ni. Tun muna yara bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Ke da bokonki, mi muka yi maki? Shekara shida ina suturta ɗana, kin buɗe ma duniya shi cikin minti uku, ko sallama ba ki yi mani ba.” Na ba shi haƙuri kan ɗaukar hoton, don a nan ni ce da laifi. Sai ya gaya mini sharaɗin mutanen Bakura, wai in sake wani bidiyon, a zauren gidauniyar da na sa na farko, in ce na yi kuskure, an bincika an gano iska ce. In na yi za a sa rana. Shi kuma ya ɗora nasa a kai, Anas ba zai ƙara shiga motar Sakkwato ba sai na yi.

Ban zauna ba. Na nemi yaron da zai auri Rumasa'u, ya ce shi ko a jikinsa, amma gwaggon nan ita ta raine shi, babansa ma ba ya tsallake maganarta. Na je wurin wani malami da nake girmamawa, ya ce ƙarya haramun ce, ya kuma ce tona asirin ɗan'uwa ba ƙaramin abu ba ne, na fito da ayoyi biyu da matsalata. Na kira likita ko za ta rubuto takarda, ta ce za ta rubuta cewa samun ƙane mai otizim ba ya nufin mace za ta haifi irinsa, amma ba za ta rubuta cewa ba zai yiwu ba. Su kuma Bakura “ba zai yiwu ba” ɗin suke so, da hatimi.

In na yi bidiyon, waɗanda suka ba da kuɗinsu saboda na ce musu ba aljanu ba ne za su ji ni da bakina ina cewa aljanu ne, kuma ba wanda zai biya kuɗin mota a kai aljani koyon magana. Mijin matar Janbako ma da ƙyar ya bar ta take zuwa, hujjarta kullum ita ce ai malama ta yi bayani. In kuma ban yi ba, Anas ya riga ya rasa zuwa biyu, uwarsa ta ce ya koma buga kai, akwai ƙulu a goshinsa yanzu haka.

Jiya Rumasa'u ta zo Mafara ta same ni bayan an tashi makaranta. Na shirya jin kuka ko gori, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta taya ni ɗaukar littattafai har gida, sai da muka zauna ta ce, “Gwaggo, ni ban zo in ce ki yi ƙarya ba. Ki gaya mani dai tsakaninki da Allah, in na haihu, haka nawa zai zama?” Na ce mata ban sani ba. Ta ce to, ta gyara mayafi ta ce bari ta kama mota kafin la'asar.

Jama'a, ku gaya mini, in yi bidiyon in ceci zuwan Anas da auren yayarsa, sauran yara huɗun su bi ruwa? Ko in tsaya kan gaskiyata, yaron da saboda shi na fara komai ya zauna a gida? In akwai wanda ya san yadda ake shawo kan tsohuwa irin gwaggon nan ba tare da ƙarya ba, ko wanda ya taɓa aurar da ɗiya daga gida mai irin yaron nan, don Allah ya yi magana. Alhamis mai zuwa ce tafiyar Sakkwato, direban da ke kai yaran ya kira ni ɗazu yana tambaya wurin mutum nawa zai bari, na ce masa zan kira shi.